Ni na koya wa ƙanena karanta jikin kwalba

Daga admin: wani dattijo cikinmu ya turo wannan, ya ce a sakaya sunansa. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau ni ne da buƙata. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni ita kafin ranar Alhamis, don in Alhamis ta wuce ba ta da sauran amfani a wurina. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in na gajarta shi ba za ku gane inda laifina yake ba.

Lokacin da muka tashi a Gwandu, mai shan giya ba ya iya ɓoyuwa. Kafin ya same ta sai ya yi tafiya, kwalbar babba ce ba ta shiga aljihu, in ya dawo an ji wari, in ya daɗe yana sha tumbi ya tona shi. An san su ɗaya bayan ɗaya, ana gaisawa da su, ana kuma jan yara daga kusa da su. Yanzu abin ya koma 'yar leda da ba ta cika tafin hannu ba, ko 'yar roba kamar ta maganin tari. Mutum zai sa uku a aljihun 'yar ciki, ya tauna kanumfari, ya shiga sahu, babu wanda zai ce uffan. A da, jiki ne ke ba da labarin mutum tun da wuri. Yanzu sai labarin ya ƙare kafin jiki ya yi magana.

Shekaruna saba'in da ɗaya. Na bar gida ina saurayi, na yi Legas, na yi Kwatano, na daɗe a Abijan ina harkar fito da kaya a tashar jirgin ruwa, daga baya na yi wasu shekaru a Jidda. Ina jin Faransanci da Turanci da Yarbanci da Larabci, ga Fillancin uwarmu. Shekara goma sha biyu ke nan da na dawo gidanmu na gado na zauna. Na faɗi wannan ne don ku san cewa kuskuren da zan ba ku labari ba rashin iya karatu ya jawo shi ba, iya karatun ne ma ya jawo shi.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Sanda ko da yake ba sunansa ba ne. Na ba shi shekara goma sha uku. Malamin gona ne da ya yi ritaya, yana zaune a Kalgo da matarsa, zan kira ta Kulu, yana noman shinkafa a fadama ta wajen Diggi. Babban ɗansu Nasiru malamin makaranta ne, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan. Ga abin da babu wanda ya sani a duk danginmu: da Sanda ya gama makaranta ya zo mini hutu Kwatano, ni na fara sa masa kwalba a gaba. A lokacin ina sha. Mun zauna a wata rumfa bakin teku da azahar, zafi ya ishe mu, na ce masa a nan kowa haka yake yi, ya kurɓa ya yamutsa fuska, na yi masa dariya. Ni Allah ya taimake ni, na bari shekarar da mahaifiyarmu ta rasu, ban sake ba. Shi bai bari ba. Tun daga ranar, shekara talatin da biyar, ni da shi ba mu taɓa ambaton abin ba.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce yaya za a yi wa da ƙane su yi wannan shirun. A Abijan na ga wa ya tare ƙanensa a tsakiyar titi yana zaginsa da mashayi, unguwa ta taru, gobe kuma ka gan su suna cin abinci tare. Yarbawa za su kira taron dangi, a sa mutum a tsakiya, kowace gwaggo ta faɗi nata. Mu ba ma haka. Mutum ya yi furfura, yana da suruki, yana da jika, ba ka kallon idonsa ka kira masa abin kunyarsa da suna, ko da kai ka goye shi. Sai dai ka kewaya. Ka ba da labarin wani mutum a wani gari, ka yi addu'a mai tsawo a gabansa, ka aika masa da littafi. Duk na yi. In na ba da labarin wani mutum sai Sanda ya girgiza kai ya ce Allah shi shirya, ni ma in ce amin. A gidansa kuma sunan abin "ya tafi gona". In ya dawo idonsa ja, Kulu ta ce wa yara rana ce ta buge shi, kar a dame shi.

Shekara uku da suka wuce na je Ingila wurin 'yata don a duba mini ido, a can aka gano ina da ciwon suga. Wata nas ta zaunar da ni ta koya mini karanta rubutun da ke jikin kayan abinci: ga yawan suga, ga mai, ga gishiri, ga kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke zuba wa jiki, wanda in ya yi yawa yake komawa ƙiba. Abin ya burge ni. Na koma kamar yaron da ya koyi haɗa baƙi, duk kantin da muka shiga sai na juya kwali na karanta, har 'yata ta fara barina a mota. Wata rana na ratsa ta layin da suke jera giya, na ga wasu gwangwanayen su ma an rubuta musu kalori. Na tambayi surukina, mijin 'yar tawa, ya ce ai ana ta muhawara a kai, wasu na ganin in mutum ya ga lambar zai rage sha don tsoron tumbi, wasu na cewa sai dai ya rage abinci ya bar wa giyar wuri. Rabin farko na maganarsa na riƙe. Na ce a raina ga ƙofa ta samu. Zan iya yi wa Sanda maganar tumbi da suga, ba sai na ambaci haram ba, ba sai Kwatano ta taso ba. Na zaro waya na ɗauki hotunan kwalaye da yawa, biskit, lemo, madarar gwangwani, na cusa hoton gwangwanin giya a tsakiya. Da na zo wucewa na ɗauki hoton wata farar kwalba ta giya mai zafin nan, don kawai ita ma na ga rubutu a jikinta.

Da na dawo na tarar shi ma Sanda an ce masa suga ta kama shi. A lokacin tumbinsa ya kai in zai ɗaura takalmi sai ya nemi kujera. Ya zo gaishe ni da ƙaramar salla, bayan mun ci abincin rana muka zauna a zaure mu biyu, na fara nuna masa hotuna ina fassara masa, ina jin daɗin kaina. Da muka iso gwangwanin na ce, kamar abin bai dame ni ba, dubi ma wannan da Turawa ke ɗirka, biyu kawai sun kai malmalar tuwo, shi ya sa za ka ga tsofaffinsu da ciki kamar randa. Ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu, ya daɗe yana kallo. Sai ya ture zuwa na gaba, farar kwalbar ta fito. Ya ce, "Wagga fa, Yaya?" Na karanta masa abin da ke jiki: suga babu, lambar kalori kuma ba ta kai rabin ta gwangwanin ba.

A nan na yi kuskuren. A ƙasan lambar akwai ƙaramin rubutu, na gan shi sarai. Lambar gwangwani ta gwangwanin ce gaba ɗaya, ta farar kwalbar kuwa ta ɗan awo ce da bai fi murfi ɗaya ba. Kuma na san ƙarfin abin da ke cikinta ya ninka na mai kumfar sau da yawa, ni da na sha duka biyun. Amma in na tsaya ina bayanin murfi nawa ne awo, da wadda ta fi wata bugarwa, na zama mai koya wa mashayi awo ke nan, ya gane na sani, ni ma na gane ya gane. Kunya ta hana ni. Na ce, "To, su dai suka sani," na wuce zuwa hoton biskit.

Cikin wata shida tumbin Sanda ya faɗa. Ya rame, ya koma sa rigunan da ya ajiye tun yana aiki. Ya rage tuwo, da rana sai ya ɗan taɓa ya tashi, ya ce yana kula da lamba. Kowa ya yi murna. Kulu ta aiko mini da buhun shinkafa da busasshen kifi, ta ce a gaya wa Yaya Alhaji tun ranar da suka yi zance a zaure malam ya canza. A sunan ɗan Nasiru, wanda aka sa wa sunan Sanda, na tashi a gaban maza na ce duk mai suga ya yi koyi da ƙanena, ga abin da ilimi ke yi. Har tsokanar wani ɗan baffanmu na yi, na ce shi in ya ga rubutu a jikin kwali sai ya ɗauka addu'ar cin abinci ce. Aka yi dariya, Sanda ma ya yi. Na koma Gwandu ina gode wa Allah, na raba ƙanena da giya ba tare da na ci masa fuska ba. Warin nan mai tsami da na saba ji a jikinsa ya ɓace, ban tambayi kaina me ya maye gurbinsa ba.

Bara da damina ƙafafunsa suka fara kumbura. Bayan girbi cikin ya dawo, amma ba irin na da ba, wannan a ɗaure yake kamar ganga, hannuwa kuma sun zama sirara, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Aka fara da jiƙe-jiƙe da saiwoyi, kowace maƙwabciya da nata. Da abin ya ƙi muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, ni da Nasiru da Kulu. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Ta danna cikin, ta duba takardun gwaji, ta ce hanta ce, kuma ba su ga ƙwayar cutar da ta saba kawo hakan ba. Sai ta rage murya ta ce, Baba ka yi haƙuri, tambaya ce da muke yi wa kowa, ka taɓa shan giya? Kafin Sanda ya buɗe baki Nasiru ya tashi tsaye. Ya ce ta san da wa take magana kuwa, wannan mutumin sahun farko ne, in ba ta san aikinta ba ta faɗa su nemi wani. Sanda ya ce bai taɓa ba. Da Nasiru ya fita karɓo magani, ta juyo wurina ta yi mini Turanci don kar Kulu ta ji. Ta ce ta ga ni ne babba, in akwai abin da na sani in gaya mata, don yana canza irin kulawar da za su ba shi. Na amsa mata da Turancina mai kyau cewa ban san komai ba. Ta kalle ni ta rubuta abin da za ta rubuta.

Ko a lokacin ina gaya wa kaina ai ya bari, wannan tsohuwar ɓarna ce ta fito. Sati uku da suka wuce ya matsa sai an kai shi ya ga dashen rani, na kai shi a motata da hantsi. Yana can bakin kwali, wato fangalin da ake dasa shinkafa, yana magana da masu aiki, na shiga 'yar bukkar da yake ajiye injin ban-ruwa don in fake wa rana. Na jawo wani buhun taki zan zauna, sai ledoji suka zubo daga bayansa. Waɗanda aka shanye sun cika rabin buhu. Akwai sababbi a cikin wata tsohuwar butar ƙarfe. Na ɗauki ɗaya na juya ta, hannuna ya riga ya saba. Ba kalori, ba suga, ba komai sai hoton wani ƙaton mutum da lambar ƙarfinta.

Da ya shigo ya gan ta a hannuna, a ranar muka yi maganar da ba mu yi ba shekara talatin da biyar. Ba zan iya kawo muku duka ba. Na ce masa yana kashe kansa, na ce ya yi wa likita ƙarya, ya sa ni ma na yi. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ba kai kac ce a duba lamba ba? Na duba." Ya ce ranar a zaure ya gane sarai da shi nake, ya kuma ɗauka ina nuna masa hanya ne a fakaice, cewa in ba zai iya bari ba to ga wadda ba ta taɓa suga. Ya ce har daɗi ya ji, ya ce wansa bai ƙyamace shi ba. Tun daga nan ya bar mai kumfa ya koma wannan, ya rage abinci don lissafin ya daidaita, kuma da na yabe shi a gaban mutane ya tabbata daidai yake. Na ce ban taɓa nufin haka ba. Ya ce to me ya hana ni faɗin abin da nake nufi, bakina ciwo yake yi? Sai ya tambaye ni ko na tuna rumfar bakin teku, ya ce shi har launin kujerun bai manta ba. Daga ƙarshe ya kama hannuna ya ce in yi masa alkawari Nasiru ba zai ji ba, ya ce gara ya mutu da a ce yaron nan ya daina kallonsa a matsayin uba, kuma daga yau ya bari da kansa. Na yi alkawarin. Tun ranar bai sake ce mini Yaya ba, sai Alhaji, kamar yadda mutanen gari ke kirana.

Ya cika maganarsa, ya bari a tashi ɗaya. Rana ta uku Kulu ta kira ni da safe ta ce in zo. Na tarar da shi yana karkarwa, gumi ya jiƙa masa riga, kofin shayi ya gagare shi riƙewa, yana kaɗe wasu ƙwari daga jikinsa da babu mai ganinsu sai shi. Nasiru ya ce iska ce, wataƙila a fadama ya gamu da ita, ya tafi ɗauko mai ruƙiyya. Ni kuwa na san wannan karkarwar. A Abijan akwai wani mutumin Mali da muka yi aiki tare, 'yan'uwansa suka kulle shi a ɗaki don ya bar sha, da kyakkyawar niyya, rana ta uku ya fara haka, ta huɗu ya yi ta farfaɗiya har ya cika. Likitan da ya zo ya ce wanda jikinsa ya saba ba a yanke masa a rana ɗaya sai a hannun asibiti, da maganin da ake ba su.

Ga abin da na yi, kuma shi ya fi hana ni sukuni. Na ce wa Kulu zan fita da shi ya sha iska. Na sa shi a mota na kai shi gona. Na riƙe shi har ƙofar bukkar, na sake shi ya shiga, na koma na zauna a bakin kwali ina kallon shinkafa. Ban ba shi da hannuna ba, amma ba zan yaudare ku ba, na san abin da na kai shi yi. Bayan kamar rabin awa ya fito, hannun ya lafa. Na mayar da shi gida. Mai ruƙiyya ya zo ya yi karatu, da la'asar Nasiru ya ga babansa zaune yana shan kunu, ya ce alhamdu lillahi an samu sauƙi. Tun daga nan, duk bayan kwana ɗaya ko biyu, nakan taso daga Gwandu in kai shi ganin gona. Mutane na cewa ba su taɓa ganin zumunci irin namu ba.

Shekaranjiya da na dawo da shi, Kulu ta biyo ni har mota da kwanon fura. Na ce mata Allah ya saka da haƙurin da take yi. Ta tsaya tana gyara murfin kwanon, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Yaya Alhaji, shekara talatin da ɗaya ni ka wanke mishi riguna, ni ka zazzage aljihu." Na karɓi kwanon. Ta ce, "Ban ce maka komi ba." Ta juya ta shige. Ke nan mu uku ne muka sani, kowa yana tsaron kowa, kuma duk muna tsaron Nasiru.

Ranar Alhamis za a kwantar da shi, za su zuƙe ruwan cikin su riƙe shi kwanaki. Nasiru ya ɗauki hutu, ya ce shi zai yi jinya, ba zai matsa ko nan da can ba. Ba gona, ba bukka. Na ƙirga, karkarwar za ta zo ranar Asabar ko Lahadi, a kan gadon asibiti, a hannun likitocin da aka rubuta musu cewa mutumin nan bai taɓa sha ba. Wataƙila su gane da kansu, wataƙila su gane a makare. Na yi wa Sanda maganar jiya, na ce ya bar ni in gaya wa likitar ita kaɗai. Ya ce za ta rubuta a fayil, Nasiru kuma ba takardar da ba ya karantawa, ga shi akwai wata nas a ɓangaren 'yar unguwarsu ce. Ya ce na yi alkawari, in kuma na karya to in san cewa labarin Kwatano ma zai fito. Wannan bai tsorata ni yadda yake zato ba. A shekaruna, a ce na taɓa shan giya a can baya, zan iya ɗauka. Abin da ban sani ba shi ne ko shi zai iya ɗaukar nasa. Na san Nasiru, yaron kirki ne, amma bai taɓa ganin duniya ba, a wurinsa mutum ko fari ne ko baƙi. Ya ci mutuncin likita don kare ubansa, zai tuna wannan.

Na kira surukina na Ingila na ba shi labarin a matsayin na wani mutum a wani gari, kun ga har yanzu ban bar halin ba. Ya ce ai a can wanda ya karanta lambar yana da likitan da zai tambaya ba tare da ya sunkuyar da kai ba, yana da matar da za ta ce masa ka sha da yawa jiya. Gaskiya ya faɗa. Ban ga laifin rubutun jikin kwalba ba, bai yi ƙarya ba, har ƙaramin rubutun yana nan. Ni na ɗauko lamba daga inda ake maganar abin a fili, na kawo ta inda ba a iya kiran sunansa, na miƙa wa mutum rabinta.

Na san wasunku za su rubuto mini hukuncin giya. Na sani, na kuma san hukuncin wanda ya kai mutum wurinta, ina istigfari a kai kullum. Ba wannan nake tambaya ba. Abin da nake tambaya: in je in sami likitar a ɓoye kafin Alhamis, in roƙe ta ta san yadda za ta rubuta, ko hakan ma karya alkawari ne da zai fito ko ba jima? Ko in zaunar da Nasiru in fara da nawa laifin, in ce ni na fara ba ubanka, don fushin ya sauka a kaina tukuna? Ko in koma wurin Kulu in ce mu biyu mu tsaya a kansa har ya faɗa da bakinsa, alhali ita ta ce ba ta ce komai ba? Akwai ma'aikatan asibiti a zauren nan, ku gaya mini gaskiya, abin da aka gaya wa likita a sirri yana iya tsayawa a wurinta? Waɗanda kuma suka taɓa jin irin wannan game da iyayensu, ku gaya mini, kun iya ci gaba da gaishe su kamar da? Na gaji, tuƙin nan tsakanin Gwandu da Kalgo ya fi ƙarfin idona, kuma ba na so in zama ni na yanke wa ƙanena yadda ɗansa zai tuna shi.

Duk abin da kuka ce zan karanta. Amma akwai abin da shawara ba za ta gyara ba. Hoton cikin da aka yi masa makon jiya ya fito, likitar ta nuna mana a takarda, ta ce yawancin hantar ta riga ta ƙeƙashe kuma ba ta komawa yadda take, ko ya bari ko bai bari ba. Ɗan abin da ya rage mai aiki, shi ne ake ƙoƙarin ceta ranar Alhamis.